Atishawata na wari, maigida ya kunyata ni gaban kishiya

Assalamu alaikum Hajiya, don Allah a sakaya sunana, daga Mabera cikin garin Sakkwato nike rubuto maki kuma wallahi ina rubutun ga hawaye na zuba. Shekaranjiya da dare muna tsakar gida ana cin tuwo sai atishawa ta kubce mani, na ce alhamdulillahi, maimakon maigida ya ce yarhamukillah sai yat toshe hanci da hannun riga yac ce wai wane mushe ne cikin kaina. Gaban uwargida da ɗiyanta! Ita kau har da ƙyaƙyata dariya, da ma tun da anka kawo ni gidan ga shekara 2 ke nan take neman inda za ta kama ni.

Hajiya ni ba ƙazama ba ce, kowa ya shaida, asuwaki duk salla, burushi safe da dare, kanumfari ba ya rabuwa da bakina. Abin ya faro ne tun hunturu, mura ta kama ni lokacin ƙurar nan, kowa gidan ya yi ya warke ni tawa ta ƙi tafiya yau wata 3. Majina ce mai kauri, kore-kore, hancin dama kaɗai take fitowa, in na yi sujada sai in ji goshina da ƙasan idona sun yi nauyi awa an ɗora mani dutse. Ni kaina ina jin warin, ba musu nike ba, amma haka aka faɗa wa mutum?

Na yi sirace da ruwan zafi, na sha citta da lemun tsami, wani mai kemis ya ba ni kafso na sha kwana 3 na bari don shi maigidan bai ƙara kuɗin ba, amma uwargida ko ciwon kai tay yi sai asibiti. Maƙwabciyarmu nas ce, tac ce ko dai ramukan da ke cikin ƙashin fuska ne sunka cika da ruwa ya ruɓe, ko haƙori, don turmin sama saiwarshi na kusa da wurin, kuma gaskiya ina da guda mai kogo ɓangaren dama ɗin. Tac ce in riƙa wanke hanci da tafasasshen ruwa da ɗan gishiri in ya huce, in je a duba haƙorin. Sai kuma ta ambaci cewa warin fitsari a numfashi na iya zama ƙoda, ɗan zaƙi-zaƙi kuma suga, to Innata suga ce ajalinta, tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Af na manta, ina da ciki wata 4 kuma ban gaya ma mai kemis ɗin ba.

Tun ranar atishawar nan ban shiga turakarshi ba shi ma bai neme ni ba. Yayata na cewa in taho gida har sai ya biko ni. In tafi ko in zauna Hajiya? Kuma kafson nan da na sha ba zai taɓa cikin ba?