Wasiƙa ga aminiyata kan man santsi da ciwon mafitsara

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yarinyar da har yanzu ban gani ba sai a hoto. Wasiƙarki ta iso, kuma na lura sai da kika cika shafi da gaisuwa kafin kika ɓoye ainihin damuwarki a layi biyu na ƙarshe, kamar yadda kika saba tun muna makaranta. Kin ce zafin fitsari ya dawo miki karo na uku a shekarar nan, har kin yanke shawarar daina amfani da man santsi wajen saduwa domin kina zargin shi ne sila. Ina roƙonki ki dakata tukuna.

Bushewar gaba ga mai shayarwa abu ne sananne, domin sinadarin estrojin, wanda ke taimaka wa gaban mace ya riƙe danshi, yana raguwa a jiki a wannan lokaci. Idan aka sadu a bushe, fatar da ke kewaye da mafitar fitsari takan goge ta yi rauni, ga shi kuwa bututun fitsarin mace gajere ne, kusan santimita 4 kawai, don haka ƙwayar cutar E. coli da ke fitowa daga hanji ba ta shan wahala kafin ta kai mafitsara. Ita ce ke haddasa mafi yawan irin wannan ciwo. Kin ga ke nan watsar da man yana iya ƙara miki wahala.

Abin da nake so ki duba shi ne abin da aka haɗa man da shi. Ki ɗauko kwalbar, ki juya bayanta, ki karanta ƙananan rubutun nan da ba kowa ke kula da su ba. Idan kika ga nonoxynol-9, to ki rabu da shi. Maganin kashe maniyyi ne, amma yana kashe ƙwayoyin Lactobacillus masu amfani, waɗanda suke riƙe tsamin gaba tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, kuma da zarar sun ragu sai E. coli ta samu wurin zama. Wani bincike da aka yi kan 'yan mata a Amurka, wanda aka wallafa a 1996, ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin amfani da maganin kashe maniyyi da ciwon mafitsara. Ki duba kwalin kororon roba ma idan kuna amfani da shi, domin akwai waɗanda ake shafa musu wannan magani tun daga masana'anta.

Sai kuma gilisarin. Idan ya yi yawa, man yakan zuƙe ruwa daga fatar ciki ya bar ta da rauni, abin da ya sa a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ma'aunin osmolalitin man, wato yawan sinadaran da suka narke a cikinsa, ya wuce 1200, mafi kyau ma ya tsaya ƙasa da 380. Masu ƙamshi da masu sa ɗumi ba na ba kowa shawararsu. Basilin kuwa yana lalata kororon roba, kuma ba ya wankuwa da sauƙi. Ki nemi na ruwa mai ƙarancin haɗi, ko na silikon.

Abin da ya fi damuna a wasiƙar taki shi ne cewa da kika yi kina shan ragowar maganin da aka rubuta miki a baya. Ciwon da ya dawo sau uku a shekara yana buƙatar a yi awon fitsari a gano ƙwayar da maganin da zai kashe ta, musamman tunda kina shayarwa. Ki yawaita shan ruwa: a wani gwaji na 2018, ƙarin lita ɗaya da rabi a kullum ya rage dawowar ciwon da kusan rabi ga matan da ba su cika shan ruwa ba. Ki riƙa yin fitsari bayan saduwa. Idan kuwa kika ji zazzaɓi, ko ciwo a gefen baya, ko amai, kada ki jira gari ya waye, domin alama ce ta cewa ciwon ya kai ƙoda.

Na san kunyarki, amma ki faɗa wa likita sunan man da bakinki, ko ki tafi da kwalbar a jaka ki nuna. Ki rubuto mini sakamakon awon da zarar ya fito.

Taki har kullum,
Aminiyarki