Lauyoyi da ƙirƙirarriyar basira: a buɗe littafi kafin a sa hannu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in taɓo wani abu da ya shigo ofisoshin lauyoyi ba sallama, wato amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Gemini wajen rubuta takardun kotu. Ba na cikin masu cewa a hana. Kayan aiki ne, kuma suna rage wahala. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a kwashe abin da na'ura ta rubuta, a sa masa hannu, a manna hatimi, a kai wa rajistara, ba a buɗe littafi ko ɗaya an duba ba.

An riga an ga inda wannan ke kai mutum. A birnin New York na Amurka, wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca ƙara, ya ce keken rabon abinci ya buge masa gwiwa a cikin jirgi. Lauyoyinsa suka kafa hujja da hukunce-hukunce shida waɗanda babu kotun da ta taɓa yanke su. ChatGPT ce ta ƙaga su, da suna da lamba da shekara. Da shakka ta taso, lauyan ya koma ya tambayi manhajar ko na gaskiya ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. A watan Yuni na 2023 Mai Shari'a Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000. Bayan shekara biyu, a Yunin 2025, Babbar Kotun Ingila ta duba wata ƙara da aka shigar a kan Bankin Ƙasa na Qatar, inda aka kawo hukunce-hukunce 45, aka tarar 18 daga ciki babu su a duniya. A can ma mai ƙarar ne da kansa ya yi binciken da na'ura ya miƙa wa lauyansa, shi kuma ya karɓa bai tantance ba. Kotun ta yi kashedin cewa irin wannan na iya kai lauya ga tuhumar raina kotu, har ma a miƙa shi ga 'yan sanda.

Dalilin kuskuren yana cikin yadda aka gina abin. Manhajar ba ta da kabad ɗin littattafai da take buɗewa. Ta karanta rubutu mai ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta saba biyo wace, sai ta riƙa jera su. Shi kuwa ambaton hukunci siffa ɗaya gare shi kullum. Ɗauki Okafor da Nweke, (2007) 10 NWLR (Pt. 1043) 521: sunayen ɓangarorin ƙarar, shekara, juzu'i, NWLR (littafin da ake buga hukunce-hukuncen kotunan Najeriya a ciki), kashi, shafi. Na'urar da ta ga dubban irin wannan za ta iya ƙera wani sabo fil mai kama da shi, kamar jabun kuɗi, kuma da murya ɗaya take faɗin na gaskiya da na ƙarya. Ko manhajojin da aka yi musamman domin lauyoyi, waɗanda ke lalubo hukunci daga rumbunsu kafin su amsa, ba su tsira ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na LexisNexis da na Thomson Reuters a 2024, suka samu kuskure ko ƙage a cikin kashi 17 zuwa 33 bisa ɗari na amsoshin. Wannan fa a kan dokar Amurka ke nan, wadda ta cika intanet. Mu da akasarin hukunce-hukuncenmu sai an biya kuɗi ake karanta su, dokokin jihohi da yawa kuma suna cikin gazet a kan kanta, ina ga namu?

Ga lauyan Arewa akwai wani rami na daban. Ka tambayi na'ura hukuncin damfara a Najeriya, abin da ya fi kusa da bakinta shi ne sashe na 419, domin shi ya yi suna. Amma wannan na kundin laifuffukan Kudu ne. A Final Kod, wato kundin laifuffukan Arewa, sashe na 320 ne ya bayyana laifin cuta, na 322 ya faɗi hukuncinsa, kisan kai mai hukuncin kisa kuma yana sashe na 221. Jihar Kaduna ta yi nata sabon kundin a 2017, lambobin sassan suka sauya. Kano tana da dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2019, wadda ba daidai take kalma da kalma da ta tarayya ta 2015 ba. Haka dokar kamfanoni: ta 2020 ta soke ta 1990, amma rubuce-rubucen shekara talatin a kan tsohuwar suna nan birjik, kuma su na'urar ta fi sha.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne kotunan shari'ar Musulunci. Alƙalanmu da mazhabar Malikiyya suke hukunci, da nassin Mukhtasar na Khalil da Risala da Tuhfa da sharhohinsu. Na'ura kuwa takan cakuɗa mazhabobi ba ta faɗa ba. Idan mamaci ya bar kaka na wajen uba da 'yan'uwa shaƙiƙai, a wajen Abu Hanifa kakan yana katange su, a wajen Malik kuwa raba gadon yake yi da su. Riƙon yaro bayan rabuwar aure, a Malikiyya yana hannun uwa har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan mijinta, alhali wasu mazhabobin sun yanke shekaru ƙasa da haka. Amsa ɗaya daga wata mazhabar ta isa ta raba uwa da ɗanta ko ta hana magaji rabonsa. Duk baitin Tuhfa ko layin Mukhtasar da na'ura ta kawo, sai an gan shi da ido a bugun littafin, babi da shafi, domin Larabci mai daɗin ji ba ya yi mata wuyar ƙagawa.

Lissafin gado ma a sake shi da biro da takarda. Misali, mutum ya rasu ya bar naira 2,700,000, da mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Idan aka bai wa kowa kasonsa kai tsaye, sumuni (ɗaya bisa takwas) ga matar, sulusi biyu (biyu bisa uku) ga 'ya'yan, sudusi (ɗaya bisa shida) ga uwa, sudusi ga uba, jimla za ta kai 3,037,500, ta zarce dukiyar. Dole a yi auli, wato a rage wa kowa gwargwadon kasonsa, asalin rabon ya tashi daga 24 ya koma 27. Matar ta samu 300,000, kowace 'ya 800,000, uwa 400,000, uba 400,000. Gwajin mai sauƙi ne: a tara rabon kowa, in bai dawo daidai da abin da aka bari bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya ba, akwai matsala.

Sai fassara. Bayanan zaman ƙananan kotuna da Hausa ake rubuta da yawansu, kuma sai an mayar da su Turanci kafin su je Kotun Ɗaukaka Ƙara. Jinginar gona daban, aro daban, saye daban, kyauta daban, kuma shari'ar gona sau da yawa a kan kalma ɗaya daga cikin waɗannan take tsayawa. Muhuti ya haɗe "ba shi" ya rubuta "bashi", ko ya bar lanƙwasar ƙ a "ƙasa", mutum zai gane daga zancen, na'ura kuwa tana iya mayar da kyauta rance.

Batun sirri kuma ba ƙarami ba ne. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda yake karewa ya faɗa masa sai da yardarsa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Wanda ya kwafe takardar rantsuwar mai neman saki, ko bayanan asusun banki, ya zuba a manhajar kyauta, ya aika su ne zuwa kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa. Kafin a saka komai, a cire sunaye da adireshi da lambar ƙara da lambar fili, a shiga saitin manhajar a kashe damar yin amfani da hirar wajen horar da ita.

To ina amfaninta? Yana nan da yawa, matuƙar kai ne ka ba ta kayan. Ka saka mata hukunci mai shafi tamanin da ka riga ka samo daga rumbun hukunce-hukunce na LawPavilion ko NWLR, ka ce ta fitar da batutuwan da aka yanke tare da shafin kowanne. Ka ba ta yarjejeniyar haya biyu ta nuna inda suka saɓa. Ta jera maka kwanan wata bi da bi daga tarin wasiƙu, ta gyara Turanci, ta tsara daftarin farko na takardar neman biyan bashi. Amma kowane hukunci da zai shiga jawabin lauya sai ya tsallake tambaya huɗu: akwai shi kuwa, kotun da shekarar da shafin daidai ne, maganar da aka jingina masa ita ce ginshiƙin hukuncin ko alƙali ya faɗe ta ne a gefe ko ma ra'ayin marar rinjaye ne, sannan ba a soke shi daga baya ba? Ta ukun ce ke kayar da mutane, domin hukuncin na gaskiya ne amma bai faɗi abin da aka ce ya faɗa ba. Wa'adi kuwa kada a taɓa barin na'ura ta ƙirga shi. Kwana 14 ne na ɗaukaka ƙara a kan hukuncin wucin gadi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wata uku a kan hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kuma kalanda da sashe na 24 na dokar kotun su ne abin dogaro.

Shi wancan hukuncin na Okafor da Nweke da na ambata, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takarda ne saboda sunan ofishin lauyoyi aka sa mata a madadin sunan lauyan da ke cikin rajista. Idan ofis sukutum ba zai iya ɗaukar nauyin takarda ba, manhaja ba za ta ɗauka ba. Wanda ya sa hannu shi zai tsaya gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi.

Saboda haka ina kira ga Manyan Jojin jihohi da Alƙalan Alƙalai su fitar da umarnin aiki. Wani alƙalin tarayya a Texas, Brantley Starr, ya yi haka tun a watan Mayu na 2023: kowane lauya ya shaida a rubuce cewa ko dai bai yi amfani da irin wannan manhaja ba, ko kuma mutum ya tantance duk abin da ta rubuta. A ƙara da sharaɗin haɗa kwafin shafin kowane hukunci da kowane nassi da aka kafa hujja da shi. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi na Kano da Kaduna da Sakkwato da sauransu kuma su shirya wa sababbin lauyoyi da ma'aikatan kotu bita a kan wannan, da Hausa da Turanci.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya.