Gaisuwar Babbar Sallah daga Bur Sudan

Bur Sudan, Juma'a 10 ga Zulhajji 1446 (6 ga Yuni 2025)

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kun sauko daga idi lafiya. Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu da naku, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya, ya dawo da alhazanmu gida cikin aminci. Mu nan tun da sassafe aka sallace, saboda a wannan watan rana ba ta ɗagawa sosai kafin gari ya gagari tsayuwa. Maman yara tana durƙusawa tana gaishe ku, jikokinku kuma sun ce a faɗa wa Inna suna bin ta barka da Sallah.

Na zauna na rubuto doguwar takarda ne saboda saƙon murya yankewa yake yi, kuma maganar da ke bakina ba ta tsaitsaye ba ce. Auta ta karanta muku a tsanake. Yaya ya turo mini cewa ya ji a rediyo masaukan baƙi a garin nan a cike suke, ɗaki ya fi zinariya tsada, amma abin da na aiko bai kai kuɗin rago ba. Ban ji haushin tambayar ba, hakkinsa ne ya yi ta, kuma na san har da ku a cikin masu son jin amsa. Inna kuma ta sake cewa in tattaro iyalina in dawo. Duka biyun zan amsa.

Gaskiya ne garin a cike yake. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin azumi, da faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hameti, duk wanda ya samu mota gabas ya nufo. Gwamnati ta tare a nan da ma'aikatunta, jakadu suka biyo ta, ƙungiyoyin agaji ma haka. Nan ake yin fasfo, nan ake layin bizar Masar, ta filin jirgin nan ake fita ƙasar. Garin da aka sani da tashar jiragen ruwa da kifi da zafi ya wayi gari shi ne fadar mulki. Sai dai masu biya da dala, wato ma'aikatan agaji da 'yan jarida da manyan attajirai, manyan otal-otal na bakin teku suke sauka. Namu masaukin, wanda nake kula da shi, ƙarami ne, a bayan kasuwa. Mai zuwa wurinmu shi ne wanda ya baro gidansa da kayan jikinsa, da marar lafiyar da ke jiran jirgin Alƙahira, da magidancin da ya zo yin fasfo na kwana uku ya shekara bai tafi ba.

Sannan ga kuɗin kansa. Kafin yaƙin, dala ɗaya ba ta wuce fam 600 na Sudan ba. Yau ta haura 2,500 a kasuwar bayan fage. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun ga abin da ya samu naira. Abin da ya fi cutar da mai masauki shi ne mu a farkon wata muke yanka kuɗin ɗaki, baƙo kuma sai ƙarshen wata yake biya, in ya biya. Kafin nan man janareta ya tashi, sabulu ya tashi, tankar ruwa ta tashi. Mai kanti yana sauya farashi da safe ya sake da yamma. Ni ba zan ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa kowace safiya in ce masa kwanansa na jiya ya ƙara kuɗi ba.

A watan Disambar bara aka canza takardun fam 500 da 1,000. Ku tuna wahalar da kuka sha farkon 2023 lokacin canjin naira, to ita muka sha. Aka kai tsofaffin kuɗi banki, sababbin ba su wadata ba. Baƙi suna biya ta waya, ta manhajar banki mai suna Bankak, amma mai kurar ruwa da ɗan dako da mai kayan miya tsaba suke so. Mai tsabar kuma sai ya cire nasa kafin ya ba ka. Ran da layin waya ya ɗauke, kamar yadda ya yi a faɗin ƙasar cikin Fabrairun 2024, kuɗinka na nan a rubuce amma ko burodi ba zai saya maka ba. Abin da nake aiko muku kuwa sai ya zama riyal a hannun ɗan kasuwar da ke zuwa Jidda, sannan ya zama naira, kuma kowace juyawa tana gutsurarsa. Wannan shi ne labarin kuɗin ragon.

Ruwa ya fi komai hana ni barci. Garin nan ba kogi, ga teku a gabanmu amma gishiri ne. Madatsar Arba'at da ke arewa da gari, tafiyar kamar kilomita 40, ita ce ke shayar da mutane. A watan Agustan 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya fasa ta, ta tafi da ƙauyuka da rayuka, Allah ya jiƙansu. Tun daga nan sayen ruwa muke yi a tanka. Kafin in yi komai da asuba sai na hau rufin bene na leƙa tankunanmu. Gidan da mutane suka cika, ga alwala, ga banɗaki, ga wankin zannuwan gado, ga jarirai, in ruwa ya yanke na yini ɗaya cuta ce ke ƙofa, kuma kwalara na yawo a ƙasar. Wutar lantarki ma haka. Da jirage marasa matuƙa suka riƙa kai hari madatsar Marawi mai samar da lantarki a farkon shekarar nan, duhu har nan ya iso. Zafin Bahar Maliya ba irin na Kano ba ne. Namu na gida bushewa yake da shi, in ka samu inuwa ka tsira. Wannan jiƙa mutum yake yi, ya haura digiri 40, iska ba ta motsi, dattawa suna faɗuwa. Kashe janareta da tsakar rana a ɗakin da ke da tsoho mai hawan jini ba tsimi ba ne, ganganci ne da rai. Don haka ake kunnawa, ribar kuma tana ƙonewa a cikinsa.

Na san kun ji abin da ya faru a watan jiya, domin a ranar Inna ta kira ni tana kuka. Ranar Lahadi 4 ga Mayu jirage marasa matuƙa suka fara faɗo wa garin, karo na farko tun da aka soma yaƙin. Suka taɓa wajen filin jirgi, washegari da kwanakin da suka biyo suka sami rumbunan mai da tashar wuta. Hayaƙi ya yi kwanaki yana tashi, gari ya yi duhu, layin mai ya miƙe. Babu abin da ya same mu, alhamdu lillahi. Amma daren farko duk baƙinmu ƙasa suka sauko suka cika zauren karɓar baƙi, mata da yara, kowa yana duban fuskata, wai ni zan ce musu a zauna ko a gudu. Mutanen nan sun gudo daga Hartum, wasunsu sun sake gudowa daga birnin Madani. Daga nan sai teku. Na ce a rufe tukunyar gas, a nisanci tagogi, aka shimfiɗa tabarmi, wani dattijo ya ja mu addu'a har asuba.

Duk wannan da na lissafa, Baba, wahalar jiki ce da ta aljihu, ana jurewa. Abin da ke ci mini rai daban ne. Maigidana yana Alƙahira da iyalinsa. Otal ɗinsa na Hartum, inda na fara aiki bayan na gama karatu, an wawashe shi, har wayoyin wuta an zare daga bango. Wannan na nan shi kaɗai ya rage masa, da shi yake biyan haya a can, da shi yake sayen maganin mahaifiyarsa. Mutumin kirki ne, bai taɓa ci mini fuska ba, kuma da zai tafi makullai ya damƙa mini ya ce amana ce tsakanina da Allah. Duk ƙarshen wata zai kira ya tambayi lissafi, kuma yana da gaskiya.

A ɗaya gefen ga mutanen da ke cikin ɗakunan. Akwai malamin makaranta da albashinsa ya daɗe ba ya zuwa a kan kari, in ya zo ma bai isa cefanen mako ba, yana da 'ya'ya mata, ya sayar da zoben matarsa ya biya ni, yanzu babu abin sayarwa. Akwai tsoho mai wankin ƙoda wanda ba zai iya nisa da asibiti ba, 'ya'yansa da ke Saudiyya suna turowa wata ɗaya su kasa wata ɗaya. In na fitar da su, makarantun da aka mayar sansanin 'yan gudun hijira za su koma, inda iyalai da yawa ke raba aji ɗaya da labulen zane. In na bar su, haƙƙin mai dukiya na taɓa, kuma ma'aikatana, masu shara da mai girki da mai gadi, su ma iyali gare su, albashinsu daga ɗakunan nan yake fitowa. Kullum a tsakanin waɗannan nake kwana. Kun koya mana cewa baƙo rahama ne, kun kuma koya mana cewa dukiyar wani wuta ce. Ban taɓa zaton zan tsaya inda biyun za su ja ni kowanne gefensa ba.

Abin da na iya yi shi ne na daina yanke hukunci ni kaɗai a ɓoye. Na rubuta wa maigidan sunan kowane mai bashi da halin da yake ciki, ban rage ba ban ƙara ba. Ya yi shiru a waya, sannan ya yafe wa wasu rabi, ya ce wasu a haɗa su ɗaki ɗaya a saki ɗayan ga mai biya. Akwai waɗanda dole na sallama, na nema musu wuri a unguwa wajen 'yan'uwanmu kafin su fita. Ba duka ne suka tafi suna sa mini albarka ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani ɓangare na albashina ma a nan yake tafiya, gara ku ji daga bakina.

Ga kuma jami'an tsaro da ke zuwa duba rajistar baƙi. Tun bayan harin an tsananta, kowace takarda sai an juya ta gaba da baya, baƙon fuska abin zargi ne. Wanda ya gudo ba takarda, in ka karɓe shi ka shiga uku, in ka mayar da shi titi zai kwana. Ni kaina baƙo ne a idon doka, don haka takardun zamana kullum suna aljihun gaba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne a nan. Hausawa suna da yawa a garin, jikokin mahajjatan da suka taho da ƙafa ta Chadi da Darfur suna neman tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda, suka zauna. Suna dako a tasha, suna tura ruwa, suna gasa agashe da yamma, wasu malamai ne, wasu ma'aikatan gwamnati. Bana rago ya gagari mutane da yawa, duk da nan ne hanyar da ake lodin tumaki zuwa Saudiyya. Mu bakwai muka haɗa kuɗi muka yanka sa. Kasona na kawo masauki, maman yara da matan da ke ɗakunan suka haɗu a tsakar gida, su suna yin asida da kisra, ita ta tuƙa tuwo da miyar kuka daga sauran wadda Inna ta aiko. Yaran malamin nan sun ci nama yau. Surukaina ma suna tare da mu. Tun da Madani ta faɗi a Disambar 2023 suke gudun hijira, kuma ko da sojoji suka karɓe ta a Janairun bana, da surukina ya je dubawa bango kawai ya tarar.

To Inna, ga amsar maganarki, kuma ina roƙon ki yi mini uzuri. Ba zan iya tahowa yanzu ba. Ba kwaɗayin kuɗi ya riƙe ni ba, kin dai ji yadda kuɗin yake. In na rufe ƙofar nan na tafi, na ci amanar wanda ya yarda da ni ranar da ba shi da kowa, na bar ma'aikata ba abinci, na bar iyayen matata a hanya. Sojoji sun karɓe Hartum tun watan Maris, mutane sun fara komawa, an kuma naɗa sabon firaminista, Kamil Idris. Maigidan yana maganar dawowa ya ga abin da ya saura. Ranar da ya sauka na miƙa masa makullansa da littafin lissafi, zan nemi izinin zuwa gida. Kuma na yi muku alkawari, in harin ya dawo ya matso cikin unguwanni, zan fara fitar da maman yara da jikokinku ba tare da jiran kowa ba.

Yaya, ɗan abin da zai biyo baya ta hannun mutumin Jidda, a sa shi a taki, kada a jira ya cika buhunan da aka saba. Ka sanar da ni ko ruwa ya zauna an yi shuka a gonar bayan gari. Maganin ƙafar Baba kada a bari ya yanke, in ya kusa ƙarewa a faɗa mini da wuri domin saƙo yana daɗewa a hanya. Auta ta dage da karatu, ina jiran sakamakonta.

A gaishe mini da Gwaggo da Kawu da mutanen gidansu, da liman, da duk maƙwabta. Baba, a sa mu a addu'a bayan kowace salla, mu da mutanen ƙasar nan, Allah ya kashe wannan wuta. Ku yafe mini rashin ganina a wannan Sallar ma.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya