A bar ƙwaƙwalwa ta ɗan huta da latse-latsen waya

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya tsaya mini a rai.

Watan jiya wayata ta faɗi gilashin ya fashe, kwana uku tana wurin mai gyara. Ranar farko wallahi ko minti biyar ba na yi sai in ji hannuna ya kai aljihu da kansa alhali na san babu komai a ciki, gundura kamar ta kashe ni. Amma a rana ta biyu ina zaune shiru ina kallon bango kawai sai ga mafitar wata matsala ta wurin aiki da na yi sati biyu ina fama da ita ta faɗo mini, na kuma tuna wani aminina da rabon da mu gaisa an fi shekara.

Ashe masana sun san da haka. A 2001 wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Marcus Raichle a Amurka ya nuna akwai sassan ƙwaƙwalwa da suka fi motsi lokacin da mutum bai sa komai a gaba ba, a nan take tuno abin da ya wuce tana shirya na gaba. Mu kuwa duk ɗan sararin da ya samu, jiran mota ne, layi ne, har banɗaki fa, mun cusa masa TikTok da WhatsApp, to yaushe za ta yi wannan aikin? Wani binciken na Jami'ar Virginia a 2014 ya ba ni tsoro, an bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15 babu waya, sai maza 12 cikin 18 suka gwammace su danna maɓalli lantarki ya ja su da dai su zauna da tunaninsu.

Yara ne suka fi ba ni tausayi. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallon waya ko talabijin da yake yi ya wuce awa ɗaya a rana, amma da yaro ya fara rigima sai mu miƙa masa waya don mu samu lafiya. Shekaranjiya ɗana ya zo yana cewa ya rasa abin yi, na daure na hana shi wayar, ya yi kukansa ya gaji, can na leƙa na tarar ya samo kwali yana huda shi da biro wai mota yake haɗawa, har da kujerar direba.

Daga mai karanta ku kullum.