Masu niyyar hawan Tsaunin Tubkal da hunturu su san abin da ke gabansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu ja hankalin 'yan uwa da ke zuwa Maroko, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu ziyarar Fas, waɗanda kan biya ta Marrakesh su ji ana tallar hawan Tubkal cikin kwana biyu. Tubkal shi ne tsauni mafi tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Da rani mai lafiya kan hau shi da ƙafa da sanda. Amma daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu dusar ƙanƙara ke rufe shi, kuma sanyin hunturunmu na Kano ko Damagaram ba ya shirya mutum wa wannan. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Idan Marrakesh na kan digiri 18 da rana, ƙololuwar tana wajen 6 ƙasa da sifili, tun kafin iska ta taso.

Wahalar kan fara ne tun daga hanyar mota. Daga Marrakesh ana bi ta Tahanawut da Asni zuwa ƙauyen Imlil, kimanin kilomita 65, awa ɗaya da rabi idan hanya lafiya. Kilomita 17 na ƙarshe, daga Asni, siririyar hanya ce a bakin kwari. Bayan ruwa ko dusa duwatsu kan gangaro kanta, ga shi yankin ne girgizar ƙasar Satumbar 2023 ta fi taɓawa. Da sassafe kwanar da rana ba ta kai wa takan daskare, direba ba zai gani ba sai taya ta zame. A kira masauki ko ɗan jagora a Imlil a daren da za a tashi, a tambayi halin hanya da kuma inda dusa ta sauko.

A Imlil mota ke tsayawa, wajen mita 1,740. Tun bayan kisan wasu 'yan yawon buɗe ido biyu a Disambar 2018, hukuma ba ta barin baƙo ya hau ba ɗan jagora, kuma akwai shingen jami'an tsaro da ke duba fasfo. A riƙe shi a aljihu, kada a bar shi a otal.

Daga nan hanya ta bi ta ƙauyen Armad, ta tsallake faffaɗan gadon kogi, ta hau zuwa Sidi Shamharush mai farin dutse, wajen mita 2,350. Ga abin da masu talla ba sa faɗa: alfadari ba ya shiga dusa mai zurfi. Inda dusa ta fara, nan ake sauke kaya, sau da yawa a Sidi Shamharush ko gaba kaɗan, sai 'yan dako ko bayanka. A yi cinikin dakon tun a Imlil, jaka kuma kada ta wuce abin da za ka iya ɗauka awa uku kana hawa. Masaukin kwana yana mita 3,207. Awa biyar zuwa shida ce da rani, da hunturu a ƙara. Hasken rana a Disamba kusan awa 10 ne kawai, wanda ya bar Imlil bayan azahar duhu zai riske shi.

Batun takalmi ne ya fi damunmu. Ana ba da hayar kirampon a Imlil, wato ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa ƙarƙashin takalmi, da gatarin ƙanƙara. Kirampon na buƙatar takalmi mai taurin tafi. A kan kambas mai lanƙwashewa ƙarfen kan kwance, galibi a gangare, inda ba a son haka. A ɗaura shi a shagon, a daidaita tsawonsa, a buga ƙafa a ƙasa a ga ko dunduniya na motsi. Da rana dusa kan yi laushi ta dunƙule tsakanin haƙoran har su daina kama ƙasa. Sai a riƙa bugun gefen takalmin da ƙotar gatari. Gatarin kuwa a hannun da ke ɓangaren tudu ake riƙe shi, kuma a sa ɗan jagora ya koyar da yadda ake tsayar da kai idan an zame, a kusa da masauki, kafin ranar hawa.

Kada a sa rigar auduga a jikin fata, tana riƙe gumi, da ka tsaya ta yi sanyi ƙalau. A sa ulu ko roba a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska a waje. Safar hannu biyu, baƙin tabarau don hasken dusa na ƙona ido, fitilar goshi, waya a aljihun ƙirji saboda sanyi na cinye caji. Gorar ruwa a kife ta a jaka, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa. Yatsan da sanyi ya sa ya yi fari ya daina jin taɓi, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta. A tsoma shi a ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, kuma sai an isa inda ba zai sake daskarewa ba. A kula da alwala a waje cikin iska. A yi ta cikin masauki a tsane jiki sosai.

Daga masauki zuwa ƙololuwa saura mita 960, ana tashi da asuba lokacin da dusa ke da tauri. Idan dusa mai yawa ta zuba, a jira kwana ɗaya ko biyu, domin a lokacin ne gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 ya fi zaftarowa. A tsayar da lokacin juyawa tun a ƙasa, a kuma juya ko ana hangen ƙololuwa.

Iskar can sama kusan kashi 60 cikin 100 ce ta wadda ake shaƙa a bakin teku. A kwana a Imlil kafin a hau. Ciwon kai da amai da tangaɗi alama ce ta a sauka, ba a sha magani a ci gaba ba. Wannan kuma ya shafe mu musamman: mai sikila kada ya je, mai AS ma ya ga likita tukuna, don ƙarancin iska a tsayi irin wannan kan toshe jini a saifa. Duk wanda ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, a sauko da shi nan take a kai shi asibiti a Marrakesh, a kuma gaya wa likita ko yana da sikila ko AS.

Wassalam,
Wasu masu hawan tsaunuka