Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Aikin Gona Na Jihar Kano Kan Dashen Lemo

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni manomin lambu ne a ƙaramar hukumar Bebeji, kusa da ruwan Tiga. Shekara bakwai ke nan da na sayi dashen lemo mai aure (wato wanda aka haɗa tohon wani iri a jikin tushen wani) a bakin titi, na zaƙi da na tsami. Ban rage su da taki ko ban ruwa ba. Sai da suka isa haihuwa sannan ganye ya soma rawaya, rassa suna bushewa daga sama, 'ya'yan kuma ba su fi kanya girma ba. Da malamin gona ya zo, ya ɓare ɓawon wani reshen lemon tsami, ya nuna min ƙananan ramuka a jikin itacen. Ya ce alamar tiristeza ce, cutar bairos wadda feshi ba ya kashe ta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, mai yiwuwa da ita na sayo su. Idan aka yanko ido, wato ɗan toho, daga uwar bishiya mai cuta aka yi aure da shi, dashen ya gada, alhali a cikin leda ganyensa shar yake. Daga nan darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ce ke kwasarta daga bishiya zuwa bishiya, har lambun maƙwabci. Mai sayar da dashen ma, Allah ya sani, bai da hanyar ganewa.

Ranka ya daɗe, wannan cuta ta hallaka miliyoyin itatuwa a Burazil da Ajantina tun shekarun 1930 da 1940. Sifen ta ɗanɗana tata, sai a 1975 ta kama hanyar gyara. Ana ɗaukar ɗan tsinin toho, wanda sai da madubin likita ake iya yankarsa, a aura shi a ɗakin gwaji, domin sau da yawa cutar ba ta kai can ba. A gwada shi, in ya fito lafiya a killace shi a ɗakin raga inda darɓa ba ta shiga. Daga waɗannan iyaye kaɗai masu renon dashe ke karɓar ido.

Ba sai an je nesa ba. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan tana da reshe a nan Bagauda, ga kuma malaman KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jiha, a ƙauyukanmu. Roƙona shi ne jiha ta haɗa hannu da su a gina ɗakin ragar, a horar da matasanmu masu aure, a kuma riƙa maƙala wa kowane dashe shaidar gwaji. Ko da kuɗinsa ya fi na bakin titi, wallahi za mu saya.

Motocin Binuwai ne ke cika kasuwar 'Yan Lemo, mu kuma ga ruwa ga ƙasa. Bana zan sare waɗanda suka kamu in ƙone, kuma ina so in san inda zan samo madadinsu kafin damina ta sauka.

Allah ya taimake ka.

Wani manomi daga Bebeji