Koke zuwa ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa kan 'yan matanmu da ba sa kaiwa ɗakin jarrabawa

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Mu iyaye da malaman unguwar Hausare ta Garwa, a Kamaru, ne muka kawo kuka, ta hannun Sarkin Hausawa.

Duk shekara, idan aka manna sunayen masu rubuta BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, a bangon lise, wato makarantar sakandare, mukan tsaya mu duba. Sunayen mata ba su kai na maza ba. A Probatoire, jarrabawar shiga ajin ƙarshe, sun ƙara raguwa, kafin a kai Baccalauréat ta gama sakandare kuwa wasu azuzuwan sai a ƙirga 'yan matan da yatsu. Ba don ba su da ƙoƙari ba ne. Malamansu shaida ne, sau da yawa su ke kan gaba a aji.

Babban abin da ke tare su shi ne takardar haihuwa. Ba a karɓar dosiye, wato takardun neman shiga jarrabawa, sai da ita. Yarinyar da aka haifa a gida, ba a kai sunanta mairi, ofishin magajin gari, kan lokaci ba, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da zai maye gurbin rajistar, ga shaidu, ga kuɗin tambur, ga zirga-zirga. Uba mai 'ya'ya biyu a aji ɗaya, aljihu bai kai ba, sai ya ce a fara da namijin, ita ta jira baɗi. Baɗin nan kuwa mun san shi, kafin ya zo an kawo goro.

Har wadda aka biya wa ma ba ta tsira ba. An yi rajista tun farkon shekarar karatu, jarrabawa sai Mayu da Yuni, a tsakani aka ɗaura aure. Ranar rubutu ga lambarta a jikin tebur, babu mai zama.

Ba mu zo da sabon abu ba. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ta hana aurar da yaro ko yarinyar da ba su kai shekara 18 ba, kuma a 2022 Ministar makarantun sakandare, Nalova Lyonga, ta ba da umarni kada a kori ɗaliba saboda juna biyu. Amma takardar gwamnati daga Yawunde ba ta shiga zaure kamar maganar fada.

Don haka muna roƙo, ranka ya daɗe, a umarci lawanai da jauroji, masu unguwanni, su tattara sunayen 'yan matan da ba su da takardar haihuwa, fada kuma ta nemi kotu da mairi su zo unguwa su yi zama ɗaya a gama da su kafin a rufe rajista. Sannan a gargaɗi limamai kada su ɗaura auren yarinyar da sunanta ke cikin masu jarrabawa. Wannan na biyun shi ya fi damunmu, domin ba ya cin ko dala, kalmarka kawai yake jira.

Allah ya ƙara wa Lamiɗo lafiya da nasara.

Iyaye da malaman unguwar Hausare, Garwa